Baƙo Mai Igiya da Kashi na Goma Sha Uku

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Tawa ranar Lahadi ya ga Baƙo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai baƙin tabarau da ke zama gindin bishiyar bedi kusa da ƙofar shanu, ƙafa ɗaya a miƙe, igiya ɗaure a babban yatsa, tafukan hannu suna ta murza. Makaho ne. To amma a kiyaye, kada wanda ya kuskura ya jefa masa ko dala. An taɓa yin wani ma'aikaci sabon zuwa, ya zo wucewa da takalmi ƙwas-ƙwas, ya saki dala ashirin gaban Baƙo. Baƙo bai ko tsayar da tufka ba, ya ce, "Malam, kuɗinka sun faɗi." Mutumin ya ce ai sadaka ce. Baƙo ya ce, "To ɗauki, ga masallaci can. In igiya kake so, gaba biyar dala ɗari." Dillalai suka yi ta dariya har da riƙe ciki, bawan Allah ya duƙa ya tsinci abinsa ya ƙara gaba.

A Bambeye aka haife shi, ɗan manomi mai 'yan awaki bakwai. Shekarar da aka zo rubuta yara lakkol, wato makarantar boko, iyaye na ɓoye nasu cikin rumbu, shi kuwa da ƙafarsa ya bi mai rubutun har gindin tebur. Allah ya ba shi kan lissafi tun yana ƙarami. Ya ci jarrabawar ƙarshen firamare, aka turo shi kolej a Tawa, ya sauka gidan wani abokin ubansa.

A can ya gamu da malamin lissafi, Mushe Hamid, don da Mushe ake kiran malaman boko, wani siririn Ba'abzine da ba ya ɗaga murya. Shi ne mai ba su lissafin labari: wata mata ta tafi kasuwa, ta kashe rabin kuɗinta a gero, ta kashe sulusi a mai, ta komo gida da kaza, nawa ta fita da su? 'Yan aji su yi tsuru-tsuru, wasu har su fara jin haushin matar. Sai Mushe Hamid ya ce, "Abin da ba ku sani ba, kada ku ji tsoronsa. Ku raɗa masa suna, ku zaunar da shi kamar baƙo, ku yi ta yi masa tambaya. Da bakinsa zai faɗi ko shi wane ne." Sai ya rubuta harafi guda a allo, ya ce wannan shi ne kuɗin matar. Baƙo ya ji daɗin wannan dabara har cikin ransa. Tun malamin bai ajiye alli ba hannunsa ke sama.

Yana shekara ta biyu ƙyanda ta kwantar da shi. Ya tashi, idanun ba su tashi ba. An kai shi asibiti, an sha rubutu, an ɗura magunguna iri-iri, ina! Kafin damina ta kama ko hasken rana ba ya bambancewa. Ya yi kuka, kuka na gaske, kuma ba don ido kaɗai ba. Allon Mushe Hamid ne ya fi tsaya masa a rai.

Wani kawunsa ya zo da shawara. Ya ce a ba shi yaron ya tafi da shi Abijan bara, can makaho ba ya kwana da yunwa, a wata guda sai ya tara abin da mai ido bai samu a gona. Uban bai hana ba, don shekarar babu komai a rumbu. Baƙo, yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya ce, "Kawu, ido na rasa, ban rasa hannu ba." Kawun ya ce yaron nan taurin kai zai kashe shi. Bai kashe shi ba. Ya je ya tare gun wani tsoho mai tufka, ya koyi igiyar kaba, ta guga da ta talala da akalar raƙumi. Da zamani ya juya ya koma warware buhunan leda yana tufka da zarensu. Igiyar Baƙo in ta shiga rijiya sai dai guga ta mutu ta bar ta.

Ya dawo Tawa da zama, ya auri Ummul Kulsum mai ƙosai, mace mai baki kamar reza da zuciya mai kyau. Suka haifi huɗu. Ba su yi arziki ba, kada in yi ƙarya. Akwai ranakun da tukunya ba ta hau wuta sai bayan la'asar. Amma ba a taɓa ganin ɗan gidan da ƙoƙo a ƙofar kowa ba.

Lissafin kuwa bai bar shi ba. Tun da babu allo, sai igiya ta zama allonsa. Yakan ce igiya ba ta da gardama, ko nawa ka ce ita ce, ta yarda. Wata Lahadi wani makiyayi daga arewa ya zo sayen akala yana ta huci, wai an yi masa sane. Ya sayar da akuya, ya san rabin kuɗin ya sayi gero, rubu'i ya sayi shayi da sukari, ga shi jikka shida kaɗai ya tarar a aljihu, kuma ya manta nawa aka biya shi. Jikka a bakin mutanen nan sefa dubu ce. Baƙo ya ɗauki guntun igiya ya ce, "Wagga ita ce akuyarka." Ya ninka biyu, ya sake ninkawa, ta zama huɗu. Ya ce, "Biyu gero, ɗaya shayi, ɗaya na aljihunka. In ɗaya shida ce, akuyarka ashirin da huɗu ka sayar." Makiyayin ya buga cinya ya ce wallahi haka ne, yanzu ya tuna! Babu ɓarawon da ya taɓa shi, shayi ne ya ci kuɗin. Tun daga ranar dillalai kan lallaɓo gindin bedi in rabon riba ya cukurkuɗe musu. Sai dai a unguwarsu ba wanda ya damu da wannan. A can shi Baƙo makaho ne kawai, mai jefa ƙuri'ar watanda.

Ga yadda abin yake. Duk ƙarshen azumi mutanen unguwar kan haɗa kuɗi su sayi sa guda, a yanka ranar jajibirin salla, a raba nama. Wannan ita ce watanda. Alhaji Sidi ke riƙe da ita shekara ashirin da wani abu, tsohon direban babbar mota, amintacce, wanda bai taɓa rubuta komai a takarda ba. Tsarinsa kowa ya haddace shi, don duk shekara sai ya maimaita bayan sallar asuba: 'yan unguwa da ke ci-rani a Abijan su ɗauki rabin kuɗin sa saboda iyalansu, ma'aikatan da ke haya a unguwar, malaman lakkol da na asibiti, su ɗauki sulusi, abin da ya rage magidantan da ke gida su cika, kowa jikka biyar. Na magidanta yake fara tarawa, sannan ya faɗa wa sauran abin da ya hau kansu, sannan ya shiga kasuwa ya nemo san da ya yi daidai da kuɗin. Yadda yake ƙulla wannan a kansa ba wanda ya taɓa tambaya. Sidi ne, shi ke nan.

In an fidda na Abijan da na ma'aikata a sikeli, sai a kasa na magidanta kashi-kashi a kan tabarma. Kashi ba ya zama ɗaya da ɗan'uwansa, wani ya fi tsoka, wani ya fi ƙashi. Saboda haka kowa ya kawo alamarsa, wannan tsakuwa, wancan ƙwallon dabino, wani murfin kwalba, a zuba a ƙwarya. Sai a kira Baƙo. Shi ne zai riƙa ɗauko alama yana ajiyewa kan kashi, tun da ba ya gani balle ya yi son kai. In ya gama, a miƙo masa ɗan kwano: huhu, hanji, ɗan tumbi. A ce, "Ga na makaho, sadaka."

Shekara goma sha tara yana wannan aiki. Yana karɓa, yana godiya, don mayar da kyautar maƙwabci rashin kunya ne, kuma yara na gida suna jira. Amma Allah ya sani naman nan bai taɓa wuce masa maƙogwaro da daɗi ba. Mutumin da ya ƙi dalar baƙo a kasuwa, ga shi duk salla ana kiransa mai cin sadaka a gaban 'ya'yansa. Hannunsa ke raba wa kowa rabo, shi ba shi da ko tsakuwa a ƙwaryar. Abin na cinsa, ba ya faɗa wa kowa sai Ummul Kulsum.

Bana Allah ya kawo wasu masu lambun albasa suka sayi igiyar guga har goma sha biyu a tashi ɗaya. Baƙo ya biya bukatun gida, ya ware jikka biyar ya ƙulle a bakin zanen matarsa. Ran goma sha biyu ga azumi ya ji muryar Alhaji Sidi na ciniki a ƙofar shanu, ya kira shi gefe.

"Alhaji, bana ina ciki."

Sidi ya ce, "Cikin mi?"

"Watanda. Ga jikka biyar."

Sidi ya ce, "Malam Baƙo, ai na riga na rufe, mu goma sha biyu ne har da ni. Kuma kai naka na zuwa ko ba ka biya ba."

Baƙo ya ce, "Wanga da ke zuwa shi ne ba ni so."

Tsohon direba ya fahimta. Ya karɓi kuɗin ya ce, "An gama, kai ne na sha uku." Baƙo ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. So yake sai ranar yanka, in ana kiran sunayen masu kashi, a ji nasa ya fito daga bakin Sidi a gaban jama'a. Wannan ɗan kwaɗayin ban-mamaki shi ya kusa ja masa. Ya koma gida ya tufka wata 'yar igiya kamar tsawon yatsa, ya ƙulle ta, ya sa a aljihu. Alamarsa ke nan. Ummul Kulsum kuwa, da ba a haife ta da riƙe magana ba, kafin sati ta shaida wa duk matan da ke sayen ƙosai cewa bana naman gidansu saye ne.

Saura kwana uku salla, Sidi ya sayo sa, wani jan bijimi mai tozo, ya ɗaure a ƙofar gida. Washegari yana alwalar azahar ya faɗi. Aka kwashe shi sai asibiti. Rai na nan, amma ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita.

Watanda ta faɗa hannun ɗansa Zubairu, mai shagon sayar da salula, mutum mai kirki amma mai gaggawa. Ya bi gida-gida yana tambayar wa ya biya, ya rubuta a kaye, ɗan littafinsa na rubutu. Kowane magidanci na da wanda ya ga lokacin da ya bayar, don a ƙofar masallaci ake miƙawa. Suna goma sha biyu suka fito cif. Ba wanda ya taka gidan Baƙo, wa zai yi tunanin haka?

Ranar jajibiri da hantsi aka kayar da sa a filin bayan masallaci. Idrisa mahauci da mutanensa suka feɗe, suka sassara. Rana ta fara zafi, ga ƙishirwar azumi, kowa ransa a kusa. Baƙo ya iso da sandarsa, sanye da rigar da ya ajiye don salla, Ummul Kulsum na biye da shi ɗauke da babbar roba. Wata maƙwabciya ta dubi robar ta taɓe baki.

Zubairu ya buɗe kaye ya kira sunaye. Goma sha biyu. Ya ce, "Idrisa, kasa sha biyu. Baba Baƙo, matso ga ƙwarya."

Baƙo ya ce, "Sha uku ne, ɗana."

"Na'am?"

"Na biya. Ran sha biyu ga wata, a kasuwa, hannu da hannu na ba mahaifinka."

Sai gunaguni ya tashi. Kowa ya san in kashi ya zama sha uku, nasa ne zai rage. Wani daga baya ya ce, "To fa! Da yake mai shaida ba ya magana." Wani ya ce a ji tsoron Allah, watan azumi ne. Ba a san ko da wa yake ba.

Zubairu ya rage murya, ya dafa kafaɗarsa. Ya ce, "Baba, ba na ce ka yi ƙarya ba. Amma babu a kaye, babu wanda ya gani. Ka kwantar da hankalinka, naka na nan kamar kullum. Bana ma zan sa a ƙara maka tsoka, sadaka saboda Allah ya ba Alhaji lafiya."

Wayyo! Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Baƙo ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. A bayansa ya ji numfashin Ummul Kulsum ya sauya, ya san in ta buɗe baki yau sai an yi abin kunya a filin nan. Ya miƙa hannu baya ya taɓa robar, matar ta haɗiye maganarta. Shekara arba'in yana kare sunansa, yau a gaban unguwa zai tashi ko dai maƙaryacin da ya so cin naman mutane, ko ya koma mai kwanon huhu. Ya tsaya, ya dogara da sandarsa. Can sai maganar siririn malamin nan ta faɗo masa: zaunar da shi, yi masa tambaya.

Ya ce, "Idrisa, ina igiyar da aka ɗaure san?"

Idrisa ya ce, "Ga ta. Taka ce ma, na gane tufkar."

"Miƙo. Madam Zahara na nan?"

Madam Zahara unguwarzoma ce, 'yar Damagaram, ita ke tara kuɗin ma'aikata duk shekara. Ta ce, "Ga ni, Baba."

"Madam, mun taɓa magana da ke kan kuɗin watanda?"

"Ko sau ɗaya."

"To riƙe bakinki tukuna, kada ki faɗi komai."

Zubairu ya ce, "Baba, mi ya haɗa kuɗin Madam da naka? Rana na yi, nama zai lalace."

Idrisa ya goge wuƙa a cinya ya ce, "Bar shi, Zubairu. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse."

Baƙo ya jingine sanda a ƙirjinsa, ya ɗaga igiyar sama. Ya ce, "Wa ya san nawa Alhaji ya sayi sa?" Babu. Sidi ba ya faɗi sai an gama rabo. Ya ce, "Ni ma ban sani ba. To wagga igiya ita ce kuɗin sa, daga wanga baki zuwa wancan. Mutanen Abijan nawa ke kansu?"

Jama'a suka ce, "Rabi."

Ya haɗa baki da baki, ya laluba tsakiya, ya ƙulla. "Daga nan zuwa ƙulli, Abijan. Ma'aikata fa?"

"Sulusi."

Ya buɗe ninkin, ya sake ninka igiyar gida uku, ya daidaita da yatsu har suka yi kai ɗaya, ya kama inda ninki na farko ya ƙare daga ɗaya bakin, ya ƙulla. Ya sake ɗagawa. Ƙulli biyu, tsakaninsu ɗan guntu kamar kamu ɗaya.

"Wanga ɗan guntun da ke tsakani, na wa ne?"

Wani tsoho ya ce, "Namu ne, magidanta."

"Madalla. Zubairu, zo ka riƙe, kai ke da ido. Auna guntun nan a kan rabon ma'aikata. Sau nawa ya shiga?"

Zubairu ya karɓa ba da son ransa ba. Ya ninka, ya sake ninkawa. Ya ce, "Biyu."

"A kan na Abijan fa?"

"Uku."

"To ku saurara. Duk jikkar da muka zuba, ma'aikata sun zuba biyu, Abijan uku. In ku goma sha biyu ne, jikka biyar-biyar, guntun nan sittin ne, Madam ta ba Alhaji ɗari da ashirin. In haka ne ni maƙaryaci ne, ku karɓe ƙwaryar ku ba wani, kuma kada a sake gaishe ni a unguwar nan. In kuwa da ni, guntun sittin da biyar ne, Madam ta ba da ɗari da talatin. Madam, bisimilla. Nawa kika bayar?"

Duk ido ya koma kan matar. Ta buɗe jaka tana lalube, ta fiddo wani ɗan littafi. Ta ce, "Alhaji ya zo ran goma ga azumi, ya ce ɗari da ashirin."

Wani ya yi tsaki. Ummul Kulsum ta ce, "Innalillahi." Baƙo bai motsa ba, amma gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula.

Madam ta ce, "Ku dakata mana, ban gama ba! Bayan kwana uku ya dawo, ya ce a ƙaro jikka goma, wai an samu ƙarin mutum ɗaya. Har faɗa na yi masa, na ce mutum ɗaya ya shigo da biyar, mu a ɗora mana goma, wane irin lissafi ne wannan? Ya yi dariya ya ce nama ma zai ƙaru. Ga shi a rubuce, ɗari da talatin."

Kai! Filin ya ɗauka. Idrisa ya ɗaga wuƙa sama yana kabbara. Tsohon nan ya ce a ba shi igiyar ya gani da idonsa, ya yi ta juya ta kamar za ta yi magana. Zubairu kuwa ya zaro salular mahaifinsa daga aljihu, yana latsawa da sauri, yana neman saƙonnin wansa da ke Abijan, mai tara kuɗin 'yan ci-rani.

Baƙo ya ce, "In na Abijan kake nema, za ka ga ɗari da tamanin, sannan ka ga sha biyar daga baya. Sa kuma ɗari uku da casa'in ne."

Zubairu ya dubi salula, ya dubi Baƙo. Ya sake duban salula. Sai ya cire hularsa, ya durƙusa a ƙasa gaban mutane, gwiwarsa cikin jinin sa. Ya ce, "Baba, haka yake, ko dala ba ta kauce ba. Ka yafe mini."

"Tashi, ɗana, ba ka yi laifi ba. Ni na ce a ɓoye. Buɗe kayenka kawai ka kira sunaye daga farko."

Zubairu ya miƙe, ya rubuta, ya kira. Da ya zo ƙarshe ya ɗaga murya har ta fashe: "Na goma sha uku, Malam Baƙo mai igiya!"

Ummul Kulsum ta dire roba ta rangaɗa guɗa, da azumi a bakinta, a bayan masallaci, liman na tsaye. Ba wanda ya hana ta. Ta juya gun maƙwabciyar nan ta ce, "Robar ta yi girma ko, Hajiya?"

Idrisa ya tattara nama ya sake kasawa, sha uku. Aka zuba alamu a ƙwarya aka miƙo. Baƙo ya sa hannu a aljihu, ya fiddo 'yar ƙullalliyar igiyarsa, ya jefa ciki, ya girgiza. Hawaye na bin gefen tabarau, kuma bai ɓoye ba. Aka kama sandarsa aka bi da shi kashi-kashi yana ajiyewa. Da yatsunsa suka taɓo tasa alamar, Idrisa ya ce, "A'a, jama'a ku lura, mutumin nan hancinsa na gani! Ga shi zai ɗora ta kan mai hanta." Aka tuntsire da dariya. Kashin da ya samu ba shi ne mafi kyau ba, ƙashi ya ɗan yi yawa. Baƙo ya ce ko ƙaho ne nasa ne.

Ana cikin kwasa sai wani ya ɗago ɗan kwanon da aka riga aka ware tun da safe, huhu da hanji da tumbi. Ya ce, "Wannan fa?"

Baƙo ya ce, "Kawo nan." Ya duƙa kan robar matarsa, ya laluba har ya samu tsoka mai kauri, wadda ba ƙashi, ya ɗora a kan huhun. Ya ce, "Akwai tsohuwar nan da ke bayan famfo, wadda ɗanta ya tafi Libiya shekara uku ba labari. A kai mata. Kada a ce sadaka, a ce barka da salla daga maƙwabta."

Da la'asar ya sa Zubairu ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Sidi na kwance, ido biyu, baki a karkace. Baƙo ya zauna bakin gado, ya laluba hannun da ke motsi, ya sa masa igiyar san a ciki, ya bi da yatsunsa kan ƙulli na farko, da na biyu, da ɗan guntun da ke tsakani.

Ya ce, "Alhaji, an raba. Sha uku."

Sidi ya damƙe igiyar tare da yatsun Baƙo, ya matse da duk ƙarfin da ya rage masa, ya ƙi saki.